Jan Hoton da Yaya Ya Goge

Shafi na 14

Masu cewa na daɗe ban turo ba, kun yi gaskiya. Ga shi.

A siton da yake aiki, masu dako suna cewa idan Alƙali ya kalli kwali sau ɗaya to hukunci ya faɗi, ko mai kamfani bai isa ya ɗaukaka ƙara ba. Direbobi kuwa cewa suke gara mota ta mace maka a hanya da ka iso da kayan da takardar jikinsu ta karkace ranar da yake bakin ƙofa. A gida ma ba a bar shi ba. Matarsa takan ce, "Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa yana riga kunnensa isa." Goggonsu ta ce tun yana rarrafe haka yake, ba ya tambaya, sai dai ya sanar. Baba ne kaɗai ba ya ce masa Alƙali. Shi har gobe Babba yake kiransa, kuma ba a taɓa jin ra'ayinsa a kansa ba.

Ƙanwarsa Auta ce ta laƙaba masa sunan tun tana 'yar makaranta. Yanzu ko sunan ba ta kira, don tun ranar da ya goge fim ɗin nan ta haɗa kayanta ta koma gidan Goggo.

Akwatin ajiyarta yana nan inda ta bar shi a saman kabad ɗin falo, kusa da na'urar wayfai, baƙi, bai fi bulo girma ba, shuɗiyar fitilarsa tana ƙiftawa. Shekaru ta yi tana tara fina-finai a faifai. Da ta fara aiki a asibiti sai ta sayi akwatin ta juye su duka a ciki, kowa a gidan yake kallo daga nan, a talabijin ko a waya, ba sai an hau neman faifai ba. Manhajar ciki ita ke jera su a allo, kowane fim da hotonsa, kamar kaya a kanti.

Kun dai tuna a cikin hotunan ne Alƙali ya ga wani ja, mace kwance a kan mota da suturar da ba ta kai a kira ta sutura ba, a ƙasansa kuma ga alamar ana yawan kallonsa. Bai buɗe ba, ya ce ba zai ɓata idonsa ba. Ya danna gogewa, allo ya tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Da Auta ta dawo daga aiki ya tare ta a gaban matarsa. Ta rantse ba ta san fim ɗin ba, ya ce mata maƙaryaciya. Sannan ya ɗora da maganar da ta fitar da ita daga gidan: "Gara da Inna ta rasu ba ta ga abin da kika zama ba."

Baba ba ya nan aka yi haka, ya je duba ƙaninsa da ba shi da lafiya. Jiya ya dawo.

Da safe Alƙali ya sauko daga sama da takalminsa a hannu ɗaya, kwamfuta a ɗayan. Ya ajiye ta a teburin cin abinci, ya tura wa akwatin tarin bidiyon karatu da na koyon sana'a da ya karɓo a wajen wani abokin aikinsa. A ganinsa gara wurin ya cika da abin amfani. Kwamfutar ta nuna aikin zai ɗauki lokaci, ya bar ta tana yi.

Baba yana zaune ya jawo kujerarsa dab da talabijin, yadda yake yi tun da idonsa ya yi rauni. Rimot a hannunsa, ya danna dama, ya koma hagu, ya sake dawowa dama.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Babba. Zo nan."

"Labarai kake nema? Kawo in sa maka."

"A'a. Wani abu na bari a nan, ban gan shi ba."

"A talabijin?"

"Wani jan hoto. In ka sauko layi na biyu ka yi dama, yana nan zaune. Yau na sauko na tarar da kore."

Takalmin ya kusa suɓucewa daga hannun Alƙali.

"Ja ka ce, Baba?"

"Ja wur."

"Kai ne... kai ne kake kallonsa?"

"Kullum in kun watse."

Alƙali ya kalli ƙasa, ya kalli silin, ya rasa inda zai ajiye idonsa. Ya rage murya don kada matarsa ta ji daga kicin.

"Haba Baba. Da girmanka?"

Baba ya juyo da kansa a hankali. "Da girmana me?"

"Ka san abin da ke jikin hoton nan kuwa?"

"Na ce maka ja ne. Da wani abu fari-fari a tsakiya, ina zaton jirgin ruwa ne."

Aka ji cokali ya faɗi a kicin. Matarsa ta leƙo, ta toshe baki da bakin mayafinta, kafaɗunta suna rawa.

Baba bai lura da ita ba. Ya mai da fuskarsa ga allon.

"Ni ina ruwana da hoton. Uwarku ce a ciki."

Rawar kafaɗar ta tsaya.

"Wace uwar, Baba?"

"Kana da biyu ne? Rannan ina neman labarai yatsana ya zame. Sai na ji an ce, 'Kai Babba, sauke abin nan daga fuskata, ban ɗaura ɗankwali ba.' Na waiga ƙofa. Wallahi sai da na waiga ƙofa."

Alƙali ya nemi hannun kujera ya zauna.

Ya san maganar. Shi aka faɗa wa. Yana saurayi ya aro kyamara a wajen wani maƙwabci, yamma ɗaya tak aka ba shi ita. Inna tana shanya a bayan gida, Auta goye a bayanta tana tsotsar yatsa. Ya bi ta da kyamarar tana korarsa da jiƙaƙƙen zane tana dariya. Daga nan ba a sake ɗaukarta ba. Kafin Auta ta iya haɗa magana Inna ta tafi.

"Tana shanya," in ji Baba, kamar mai ba da labarin abin da ya faru jiya. "Ba na ganinta sosai, sai inuwa. Amma muryar tana nan garau. Akwai inda take cewa, 'Ku gaya wa babanku igiyar nan ta kusa tsinkewa.' Kullum sai ta faɗa, kullum sai in ce mata na ji."

"Me ya sa ba ka gaya wa kowa ba?"

"In ce me? Tsoho yana hira da matarsa da safe? Na ɗauka Auta ce ta sa mini ta yi shiru don kada in ji nauyi. Ni ma na yi shiru don kada ta ji." Ya ɗan tsaya. "Ina take ma? Tun da na dawo ban ji motsinta ba. An ce tana gidan Goggonku. Lafiya dai?"

Matar ta ce, "Ka tambayi Alƙali, Baba. Shi ya zauna shari'ar."

Baba ya jira.

Alƙali ya buɗe baki. Abin da ya fito ba shi ya shirya ba.

"Goggo ce take son a taya ta zama. Hoton kuma... ina jin na'urar ce ta samu matsala. Zan sa a duba."

"To," in ji Baba. Ya ajiye rimot ɗin a cinyarsa, ya ɗora hannu biyu a kai.

Matarsa ta bi shi har bakin ƙofa, inda ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmi, yana kwancewa, yana sake ɗaurewa.

"Na'ura ce ko?"

"Don Allah ki bar ni."

"Na'ura mai gemu, mai saka takalmi."

"Ai kaset ɗin yana nan. A cikin akwatin kayan Baba yake. Sai a sake juyewa."

"Kai ka sani. Ni dai kwanakin baya na shiga ɗakin Auta na same ta riƙe da wani kaset tana kuka. Na tambaye ta, ta ce ba komai."

"Kuma ba ki gaya mini ba?"

"Kai ake gaya wa magana?"

Ya miƙe ya ja ƙofa. Da ya fita titi, motar da ke zuwa sito ta tsaya a gabansa, kwandasta ya daki ƙofa yana kiransa. Ya girgiza kai ya tsallaka ɗaya hannun.

Ɗakin gwaje-gwajen asibitin yana ƙarshen wani dogon baranda mai warin maganin goge ƙasa. Akwai 'yar taga a bango inda ake miƙa kwalabe. Ta nan ya hango Auta da farar riga da safar hannu, ta ba shi gefe tana liƙa takarda a jikin wata kwalba.

Ya tsaya. Ya yi gyaran murya.

Ba ta ɗago ba. "Malam, jini ko fitsari?"

"Auta."

"In ba gwaji ba ne ka matsa, akwai layi."

Ya waiga. Babu kowa a bayansa sai wata tsohuwa da ke gyangyaɗi a benci.

Abokiyar aikinta, wata gajeriya mai tabarau, ta leƙo ta kafaɗarta. "Au, wannan ne Yayan? Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. A miƙe tsaye ne ko a zauna?"

Da wata rana ce da ta ji amsa. Yau ya haɗiye.

"Auta, kaset ɗin Inna. Yana ina?"

Hannunta ya tsaya a kan kwalbar.

Ta cire safar a hankali, ta jefa a kwando, ta ce wa mai tabarau ta riƙe mata. Ta zagayo ta fito barandar. Ba ta zo kusa da shi ba, ta jingina da bango ta harɗe hannu.

"Wa ya gaya maka? Matarka Anti ce?"

"Yana ina?"

"Ya mutu."

"Kamar yaya ya mutu?"

"Na kai shi wajen mai juye kaset. Ya ce ya tsufa, ya yi fumfuna, in an ci sa'a sau ɗaya zai wuce. Ya wuce, yana kaiwa ƙarshe zaren ya tsinke ya cukurkuɗe. Sai ya ba ni a filash, tare da wasu fina-finan da na kai masa faifansu. Na zo gida na juye komai a akwati, na share filash ɗin na mayar wa mai shi."

Muryarta ta fara karyewa, ta tsaya ta gyara ta.

"Da na zo nema, babu. Na duba sashen bidiyon gida, babu. Na bi hotunan allo, duk fina-finai ne. Na koma wajen mutumin, ya ce shi ba ya ajiye kayan mutane. Ni na ɗauko shi daga akwatin Baba, ba da saninsa ba. Ni na kashe shi. Muryarta kawai nake so in ji, Yaya. Kai ka san ta. Ni hoto na sani."

Ta share ido da bayan hannu.

"To ga wani laifin ka samu. Sai ka haɗa da na farko ka yanke hukunci gaba ɗaya, ka huta zuwa sau biyu."

Alƙali ya tsaya yana kallonta.

Ƙofa ce ta buɗe masa, har ya ji iskarta. Ita ta ɗauko kaset, ita ta kai, ita ta share filash, da bakinta ta faɗa. Baba ya yarda na'ura ce. Matarsa za ta yi gorin kwana biyu ta gaji. In ya yi shiru yanzu, shi ke nan, kayan ya samu mai ɗauka.

"Ai da kin faɗa tun farko," ya ji kansa yana cewa.

Ta gyaɗa kai, ta sunkuyar, kamar yadda take yi tana ƙarama in ya kama ta da laifi. Wannan sunkuyarwar ce ta hana shi ƙarasawa.

"Bai ɓata ba."

Ta ɗago.

"Ya shiga akwatin. Yana ciki duk kwanakin nan."

"A ina? Na duba ko'ina."

"Layi na biyu. In ka yi dama."

Ta ƙura masa ido. Ya ga lokacin da abin ya fara haɗuwa a fuskarta.

"Mutumin nan lamba ya sa wa komai," ta ce a hankali, kamar da kanta take magana. "Bai rubuta suna ba. Manhajar kuma in ba ta gane abu ba, laluben intanet take ta liƙa masa hoton duk fim ɗin da ya yi mata kama..." Ta tsaya. "Jan hoton."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka buɗe kafin ka goge?"

"A'a."

"Ko sau ɗaya? Ko don ka ga laifin da za ka ɗora mini?"

"Ban buɗe ba."

"Ka ce an yi ta kallonsa. Ka ce ni ce. Wa yake kallo?"

"Baba. Kullum in mun fita. Ja kawai yake gani, ya ɗauka jirgin ruwa ne."

Wata 'yar dariya ta ƙwace mata, marar daɗin ji, ta koma kuka a tsakiya. Ta zame ta zauna a bencin, tsohuwar ta farka ta matsa mata.

"Ina kwana a gida ɗaya da ita, bango kawai tsakaninmu, ina kukan na rasa ta. Kai kuma ka zo ka..." Ta kasa ƙarasawa.

Ya so ya faɗi maganar ban haƙuri a lokacin. Tun da yake bai taɓa faɗa wa na ƙasa da shi ba, bai san ta inda ake kama ta ba.

Auta ta miƙe zumbur.

"Tsaya. Ta talabijin ka goge?"

"Da rimot."

"Akwatin yana da kwandon shararsa. Abin da aka goge yana zama a can, ba ya zubarwa sai wuri ya ƙure masa. Akwai ɗan sauran wuri. In dai ba wanda ya zuba wani abu mai nauyi tun ranar, to yana..."

Ta ga fuskarsa.

"Yaya. Me ka zuba?"

"Karatu ne. Da koyon sana'a."

"Yaushe?"

"Yana kan shiga."

"Kira Anti! Kira ta yanzu!"

Yana cikin neman lambar matarsa ta fizge wayar ta kira da kanta.

"Anti, kwamfutar Yaya tana kan tebur? Rufe ta."

"Auta? Ke ce? Kuna tare? Alhamdu lillahi, ashe dai..."

"Anti, rufe murfin kwamfutar!"

"Ta ce saura kaɗan ta gama fa. Kar ya zo ya ce na ɓata masa aiki, kin san halin..."

Alƙali ya sa baki a wayar. "Ki rufe, don girman Allah!"

Aka ji ƙarar rufewa.

"Na rufe. Yau kuma ni ake roƙo? Bari in zauna kar in faɗi."

Suka tari tasi zuwa gida. Auta ta manne da ƙofa tana kallon shaguna suna wucewa, farar rigarta a naɗe a cinya. Direban ya kunna rediyo, ya dubi fuskokinsu a madubi, ya kashe. Alƙali ya juyo ya buɗe baki.

"Kin karya kuwa?"

Ba ta ko waigo ba.

Suna shiga falo Baba ya ɗaga kai. Yana nan inda aka bar shi, rimot a cinya.

"Takun Auta nake ji."

"Ni ce, Baba." Ta durƙusa gefen kujerarsa. "Sannu da dawowa. Ya jikin Baffa?"

"Da sauƙi. Ke kuma kika gudu kika bar ni da waɗannan, ba mai ba ni labari."

"Na dawo."

"Kin rame."

"Baba, ba ka gani fa."

"Muryarki ce ta rame."

Ta tashi da sauri kafin ya ƙara wata. Ta ɗauko tata kwamfutar daga jaka, ta zauna a ƙasa kusa da kabad ɗin, ta shiga cikin akwatin. Alƙali ya tsaya a bayanta. Matarsa ta tsaya a ƙofar kicin da tsumma a hannu, ta manta me za ta goge da shi.

Kwandon ya buɗe. Abu ɗaya ne a ciki. Babu hoto, babu suna, sai lamba.

Alƙali ya sauke numfashi. "Ga shi nan."

"Shi kaɗai ka goge ranar?"

Ya sosa ƙeya.

"Yaya."

"Akwai wasu... da hotonsu bai kwanta mini ba."

"Su ma ba ka buɗe ba."

"Ban buɗe ba."

"To duk ya zubar da su don karatunka ya samu wurin zama. Wannan ne ya rage. Kuma duk abin da mutumin nan ya ba ni lamba ce a jikinsa. Zai iya zama ita. Zai iya zama fim ɗin 'yan dambe."

Ta danna mayarwa. Akwatin ya yi gurnani a saman kabad, fitilar ta hau ƙiftawa da sauri. Can sai wani fili mai launin toka ya fito a talabijin, a layi na biyu, ba komai a jikinsa.

Baba ya matso da fuskarsa. "Wannan ba ja ba ne."

"Ba a sa masa hoto ba tukuna, Baba."

"Wai me ya same shi ne? Babba ya ce na'ura ce ta lalace."

Auta ta ɗago ta kalli yayanta. Ya kasa riƙe idonta.

"Eh, Baba," ta ce. "Na'ura ce. Takan yi haka."

Gara a ce ta tona shi. Ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar sito, gaban masu dako da direbobi. Yarinyar da ya kora da sunan uwarta ita ce take rufa masa asiri, a gaban matarsa da ta san komai.

Auta ta miƙe za ta wuce wajen Baba. Da ta zo daidai kafaɗarsa ta rage murya, yadda shi kaɗai zai ji.

"In ya buɗe, za ka ce ai ba a rasa komai ba. In bai buɗe ba, za ka ce haka Allah ya so. Ta ko'ina ka fita, Alƙali."

Ta zauna a hannun kujerar Baba.

"In danna, Baba?"

"Bari. Ni na san hanya."

Ya ɗaga rimot ɗin kusa da hancinsa, ya lalubo maɓallin da babban yatsa. Ƙasa. Dama. Ya danna.

Allon ya yi baƙi. Wani ɗan zobe fari ya fito a tsakiya ya fara juyawa. Akwatin ya sake gurnani. Auta ta kama hannun rigar Baba ta damƙe.

Zoben yana juyawa.

Alƙali ya taka ya zagayo. Ya shiga tsakaninsu da talabijin ɗin, ya ba allon baya, ya sauka a kan gwiwoyinsa da takalmin aikinsa a ƙafa.

"Babba, ka tare mini," in ji Baba.

"Na sani, Baba. Ka ba ni dama kafin ya buɗe."

Wani shuu ya fara fitowa daga talabijin a bayansa, irin na tsohon kaset, ko kuwa irin na farkon kowane fim, ba mai iya cewa. Idon Auta ya tsallake kafaɗarsa. Bai waiga ba. Ya ɗaga murya ta hau kan ƙarar.

"Baba, ba na'ura ba ce, ƙarya na yi maka da safe. Ni na goge, da hannuna, ban buɗe ba, ban tambayi kowa ba. Kuma ba Goggo ce ta kira Auta ba, bakina ne ya kore ta. Auta, na ce miki maƙaryaciya alhali gaskiya kika faɗa. Na ɗauki sunan Inna na soke ki da shi, ke da ba ki ko san muryarta ba. Ko ita ce a bayana ko ba ita ba ce, laifin yana nan, kuma nawa ne. Baba, ka yafe mini. Ƙanwata, don Allah ki yafe mini."